Ɗigo Uku a Jikin Famfon Giwa

"Wallahi tallahi, Baba, in aka buɗe motar nan aka tarar ya taɓa ko ƙusa ɗaya da mugun nufi, ni da bakina zan ce masa na fasa. Ba sai kowa ya raba mu ba."

Dangi sun cika falo. Auta tana tsugune a gaban mahaifinta, hawaye na bin kumatunta, amma muryarta ko rawa ba ta yi ba.

Gwaggo ce ta fara tafa hannu. "Kun ji mini yarinya! Rantsuwa a kan namiji! Namijin ma wanda sabulu ya gaji da farcensa ya sallama."

"Gwaggo, baƙin mai ne, ba baƙin hali ba."

"Rufe mini baki, marar kunya. Ubanki ya dawo daga bakin kabari, ke kina nan kina yi wa saurayi lauya."

Baba ya gyara zama. Hannunsa na dama na rataye a wuya cikin bandeji. Ya daɗe yana kallon 'yar autarsa kafin ya ce, "Kowa ya ji abin da ta faɗa?"

"Mun ji," in ji Yaya, babban wanta, yana harararta.

"To. Bayan la'asar tsohon abokina zai zo ya buɗe injin a gaban kowa. Ku tashi."

Duk wannan tashin hankali a kan Giwa ne.

Giwa mota ce, a-kori-kura, amma ba irin ƙananan nan da ke nishi in an ɗora musu buhu goma ba. Tayoyi huɗu gare ta a baya, injin dizal, ƙirji kamar na tirela. Shekara arba'in Baba ya yi yana tuƙa motocin mutane kafin Allah ya ba shi tasa, yana kai wa masu haƙar rijiya bututu da janareta. Auta ce ke riƙe masa ofis, ita ke amsa waya, makullan harabar da ake ajiye motar ma a jakarta suke kwana. Umma kan ce da wasa, "In Giwa ta yi tari, Babanku ne ke kwana da zazzaɓi."

Da Makaniki ya fito neman auren Auta, gida ya ɗauki zafi. Kowa ya fi son Ɗan Gayu, mai babban shagon kayan gyaran mota, wanda a hannun Baba ya tashi ya koyi sitiyari kafin ya shiga kasuwa. Auta ta ce ita fau-fau. Ta daina cin abinci, ta rame har wuyanta ya fito. A ƙarshe Baba ya kira Makaniki ya miƙa masa makullin mota.

"Riƙe mini Giwa wata shida. Juyen mai, birki, komai. Wanda ya iya riƙe amanar ƙarfe, ya iya riƙe ta mutum."

Saura kwana tara wa'adin ya cika. Shekaranjiya, a tsakiyar wani hawa, da lodin bututu har sama, injin Giwa ya yi tari sau biyu ya mutu. Birki ya sandare kamar dutse. Motar ta dinga gangarowa da baya, Baba na kokawa da sitiyari, har Allah ya sa ta daki wani tudun ƙasa ta tsaya, taku kaɗan da bakin rami.

Yaya ya ce aikin Makaniki ne. Auta ta ce ƙazafi ne.

* * *

Ko awa ɗaya ba ta yi da zama a ofis ba wayarta ta yi ƙara. Da ta ga mai kiran sai ta ja tsaki, ta kife wayar. Ta sake ƙara. A karo na uku ta ɗauka.

"Lafiya?"

"Haba ƙanwata, ko sallama babu?" Muryar Ɗan Gayu ce, a sanyaye kamar kullum. "Na ji an ce kin yi rantsuwa a gaban dangi. Ki zo shago yanzu. Akwai abin da ya kamata ki gani kafin la'asar."

"Ba ni da abin gani a wurinka."

"Ke kika sani. Amma in kin ƙi gani ke kaɗai, za ki gani tare da jama'a."

Ya kashe.

Ta zauna tana kallon wayar, tana faɗa wa kanta makirci ne kawai irin nasa. Duk da haka ta tsinci kanta tana yafa mayafi.

Shagon Ɗan Gayu dogo ne, kantoci har rufi, cike da kwalaye da bel da fitilun mota. Warin sabuwar roba ya gauraye da turarensa mai hawa kai. Yana zaune a can ƙurya cikin farar shadda, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Zauna mana. A kawo miki ruwa?"

"A tsaye na zo, a tsaye zan koma. Me ke nan?"

Ya yi murmushi, ya sunkuya ya jawo wani abu daga ƙarƙashin tebur, naɗe cikin tsohon tawul. Da hannu biyu ya ɗaga shi saboda nauyi. Ya ajiye, ya warware.

Famfon injekta ne, wanda ke tura wa inji mai. Auta 'yar gidan direba ce, ba ta bukatar a faɗa mata.

"To sai me? Shagonka cike yake da irinsa."

"Juya shi."

Ta sa hannu ta juya shi. A gefen da ke kallon ƙasa, kusa da mazaunin noti, akwai ɗigo uku a jere, an buga su da ƙusa.

Ba ta san lokacin da ta zauna a kujerar da ta ƙi ba.

Ɗabi'ar Baba ce tun yana direban haya. Duk motar da ta shigo hannunsa, sai ya kwanta ƙarƙashinta da ƙusa da guduma ya yi wa kowane ƙarfe mai daraja ɗigo uku, a inda ido ba ya kaiwa. Ranar da aka kawo Giwa, ita Auta ce ta riƙe masa tocila. Har faɗa ya yi mata don hannunta na rawa.

"A ina ka samu?" ta tambaya.

"Injiniyanki ya kawo mini da kansa. Ya ce wani kwastoma ne ya canza inji ya bar masa. Alhali ciro wannan ya yi, ya sa wa Giwa wani tsohon kwance da ya tsinto a kasuwar 'yan gwangwan." Ya girgiza kai kamar mai tausayi. "So hana ganin laifi, ƙanwata."

"Yaushe?"

"Wata uku ke nan."

Ta ɗago ta dube shi. "Ka ga ɗigon ranar da ya kawo?"

Ɗan Gayu ya ƙyalƙyale da dariya. "Ni? Ni da na yi shekara shida ina miƙa wa Baba gudumar nan? Tun kafin ya gama ajiyewa na gani."

"Ka gani, kuma ka yi shiru?"

"Na jira lokaci. Ɗan kasuwa ba ya fito da kaya sai ranar da za su yi daraja." Ya matso da kujerarsa, ya rage murya. "Saurara. In aka buɗe injin nan yau, Yaya sai ya ga yaron nan a bayan kanta, kin san halinsa. Ni ba na son haka. Ɗauki famfon, na ba ki kyauta. Makullin haraba na hannunki. Ki kai masa ya mayar kafin la'asar, asirinsa ya rufu, sana'arsa ta tsira. Ke kuma ki ce wa Baba kin yi tunani, kin haƙura da shi don kanki. Ni zan iso bayan la'asar. Fuska kawai nake so ki sakar mini."

Auta ta naɗe famfon cikin tawul ɗin. Ta rungume shi a ƙirji ta miƙe.

"Yauwa," in ji shi. "Na san ke mai hankali ce."

Ba ta waiwayo ba.

* * *

Garejin Makaniki rumfar kwano ce a bayan wani dogon gini, ƙasarta ta sha baƙin mai har ta yi sheƙi. Ƙafafunsa kawai ta hango, sun leƙo daga ƙarƙashin wata tsohuwar bas.

"Injiniya."

Haka take kiransa tun ranar farko. Ya zamo waje da sauri, yana goge hannu a gaban rigarsa, fuskarsa cike da fara'a.

"Ranki ya daɗe! Na ji labari. An ce kin tsaya mini a gaban kowa, har Gwaggo ta rasa ta cewa. Wallahi ban san da me zan..."

Ta sauke tawul ɗin a kan bencinsa, tsakanin sifanu. Ƙarar ƙarfen ta katse shi.

"Buɗe."

Bai buɗe ba. Siffar abin kawai ya gani, fara'ar ta zube daga fuskarsa kamar an share da tsumma.

Wannan shirun shi ya gama da ita. Duk hanya tana addu'a ya yi tsalle ya ce ƙarya ne, ya ce sace shi aka yi, ya ce ko me. Ko ƙaryar ma da ta karɓa.

"Ka ce mini ba kai ba ne," ta ce. "Don Allah ka ce."

"Auta..."

"Ka ce mini ba kai ba ne!"

Ya durƙusa a kan ƙasar mai. "Ki saurare ni. Ki ba ni minti biyu."

"Na ba ka shekara biyu."

"Gidan nan ne. Gidan da na kai ki kika gani, mai ɗaki biyu da bishiya a tsakar gida. Kin tuna abin da kika ce? Kin ce nan za ki sa keken ɗinki, nan za ki shanya kaya. Mai gidan ya ce in ban kama shi a satin ba zai ba wani. Na buga nan, na buga can, babu. Ga Yaya kullum yana mini gori, wai a cikin bas zan ajiye ki. Na ce a raina aro ne. Wallahi aro na ɗauke shi. In aiki ya buɗe in fanso shi in mayar, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani."

"Aro ba da sanin mai kaya ba, meye sunansa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Wanda na sa mata na gwada shi," ya ce a hankali. "Na wanke shi, na saita shi da hannuna. Na ce zai kai shekara."

"Ya kai wata uku. Ya kai Babana bakin rami." Kuka ya ƙwace mata, ta dafe bencin. "Ka san a ranar nan da safe kai ka duba ta? Ina tsaye. Ka rufe bonet, ka buga shi da tafin hannu, ka ce, 'Baba, ko bangon duniya za ka je, je ka.' Ya yi dariya ya ce Allah ya yi maka albarka. Ka amsa da amin. Da wane bakin ka amsa?"

"Ban yi barci ba tun ranar."

"Ni ma ban yi ba. Ni ina kuka an yi maka ƙazafi, ashe kai kana lissafin yadda za ka tsira."

"Ta yaya aka gane?" ya tambaya, muryarsa a dushe. "Duk iri ɗaya ne, ko lambar..."

Ta warware tawul ɗin, ta juya famfon, ta ɗora yatsa kan ɗigon.

Ya ƙura musu ido. "Na gan su. Na ɗauka tambarin kamfani ne."

"Hannun Babana ne. Ni na haska masa."

Ya rufe fuska da tafukansa. Can sai ya ɗago da sauri, idanunsa sun yi ja, ya dubi agogon da ke rataye a jikin ginshiƙi.

"Auta, akwai lokaci. Yanzu ko azahar ba a yi ba. Awa biyu ta ishe ni. Makullin haraba na jakarki, Baba yana gida yana jinya. Ki buɗe mini ta baya. In mayar da shi, in ce datti ne ya toshe matatar mai. Ba wanda zai sani. Rantsuwarki ta tsira, ni na tsira, saura kwana tara a ba ni ke. Daga yau har in mutu ba zan ƙara..."

"Sai in zauna a gabansa kullum ina zuba masa shayi, da wannan a cikina?"

"Don ke na yi! Wallahi don ke na yi!"

"Kar ka ƙara sa sunana a ciki." Ta share fuska da gefen mayafi. "Da ka zo ka ce mini ba ka da gida, da na ce maka ɗaki ɗaya ya ishe mu. Da ka ce rumfar nan ce, da na share ta na shimfiɗa tabarma. Gwaggo ta zage ni saboda kai, Umma ta yi wata ba ta amsa gaisuwata da daɗi ba saboda kai. Duk na shanye, don ina cewa ba shi da komai amma yana da amana. Ita kaɗai na riƙe nake faɗa da dangina. Ita ka ciro ka sayar."

Ya kamo gefen mayafinta. "Kina so na. Ki dube ni ki ce ba kya so na."

Ta dube shi. Ga tabon ƙuna a bayan hannunsa, wanda ita ta sa masa magani. Zuciyarta kamar ta tsage.

"Ina son ka," ta ce. "Shi ya sa abin ya fi ciwo. Amma na yi rantsuwa, kuma ba ni da niyyar yin kaffara a kan ɓarna. Na fasa."

Ta zare mayafinta daga hannunsa. Yatsunsa sun bar masa baƙin shaida. Ta ɗauki famfon ta fita, yana kiran sunanta har ta sha kwana.

* * *

Baba ba ya gida. A haraba ta same shi, zaune kan benci a inuwar Giwa, shi kaɗai, yana shafa ƙofarta da ta lotse da hannunsa mai lafiya.

Ta durƙusa, ta ajiye famfon a gaban ƙafafunsa, ta buɗe.

"Baba, ba sai abokinka ya zo ba. Shi ne. Na je na faɗa masa na fasa, kamar yadda na yi alkawari."

Ta jira ya zabura. Ta jira salati, ko faɗa.

Baba ya dubi famfon, ya gyaɗa kai kawai. "Na sani."

"Ka... sani?"

"Shekara arba'in ina sauraron inji, Auta. Ranar da aka jawo ta na sa aka kwantar da ni ƙarƙashinta da hannun nan a karye. Na laluba, ban ji ɗigona ba. Dama tun kwanaki kunnena ke gaya mini muryarta ta canza, na ƙaryata kunnena saboda ke."

"Tun shekaranjiya ka sani. Ka tara dangi, ka bar ni na tsuguna a gabansu ina rantsuwa da sunan Allah. Ka bar Gwaggo ta yi mini dariya. Baba, kai ma?"

"Da na kira ki ɗaki na faɗa miki, da kin yarda?"

Bai jira amsarta ba.

"Da kin ce na haɗa baki da Yaya. Da kin bi shi ko ta taga." Muryarsa ta yi laushi. "Ciwon yau ya fi na shekara goma sauƙi. Ki yi haƙuri, uwata. Allah ya rufa asiri, ga yaron kirki nan da ya daɗe yana jiran ki. Ya yi waya ɗazu, yana hanya. Wanda na raina da hannuna, na san ciki da bayansa."

Auta ta yi wata dariya marar daɗi, hawaye na zuba.

"Baba, ba ka tambaye ni a ina na samo famfon ba."

Ya ɗaga gira. "Ba a garejin ba?"

"A ƙarƙashin teburin yaron kirki. Shi ya saya. Wata uku yana ajiye da shi cikin tawul."

"Bai san nawa ba ne. Kaya iri-iri ake kai masa."

"Na tambaye shi. Ya yi dariya, ya ce shekara shida ya yi yana miƙa maka guduma, tun kafin a ajiye ya ga ɗigon. Ya ce jiran ranar da kaya za su yi daraja yake." Ta haɗiye kuka. "Wata uku, Baba. Kullum yana zuwa gaishe ka, yana ganin ka hau motar nan da lodi, ya san abin da ke cikinta. Yau kuma ya ba ni shi, wai in sa a mayar a ɓoye a rufe ka, ladansa in aure shi."

Hannun Baba ya tsaya cak a jikin ƙofar motar.

Tun da take ba ta taɓa ganin fuskar mahaifinta haka ba. Ba fushi ba ne. Tsufa ne ya sauko masa lokaci ɗaya.

"Shi ya kai ni asibiti," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Yana riƙe da hannuna yana kuka."

"Ɗaya ya cire, ɗaya ya gani ya yi shiru. Na bar na farko saboda kai. Na biyun, ko shi kaɗai ya rage a duniya, kar wanda ya ƙara kawo mini sunansa."

Sai ga hon a bakin get, sau biyu, cikin yanga. Ta ƙasan ƙofar ƙarfen suna hango farar motar Ɗan Gayu tana sheƙi.

"Baba! Ni ne! Na zo da wuri in duba jikin!"

Baba ya sunkuya. Da hannu ɗaya ya ɗaga famfon, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, ya ɗora shi a kan cinyarsa, ya juya ɗigon suna kallon ƙofa.

"Share hawayenki," ya ce, ba tare da ya dube ta ba. "Je ki buɗe masa. Ki tsaya a nan, kar ki tafi. Da kunnenki nake so ki ji abin da zai ce mini."